Kaset ɗin Baba da Mai Farin Takalmi

Asabar, 3 ga Mayu

Yau muka fara kwashe kayan Inna. Gwiwoyinta sun ƙi matattakalar benen nan, idon ma ya yi yana, don haka za ta koma wurin ƙanwata Auta da gidanta ba bene ba ne. Shekara arba'in a ɗaki biyu, ga shi muna zuba su a kwali kamar ba komai ba.

Ni aka bar wa saman sif. Can ƙurya, bayan tsohuwar fanka, hannuna ya taɓo gwangwanin biskit. Tun kafin in buɗe na san abin da ke ciki. Kaset goma sha ɗaya, da hoton da na yanko a mujalla: Mai Farin Takalmi ya jingina da motar da na tabbata ba tasa ba ce, riga a buɗe har cibiya, gashi ya sha mai. Baba ne ya raɗa masa sunan, don ya ce bakinsa ba zai iya kiran sunan mutumin da ke waƙa kamar an taka masa yatsa ba. Ina 'yar shekara sha uku na dinga sumbatar hoton nan har bakinsa ya koɗe. Ni ɗin nan da nake hararar mutane in sun yi tari a laburaren da nake aiki.

Na cusa gwangwanin a jakata kafin Auta ta waigo.

Lahadi, 4 ga Mayu

Ina wanke-wanke sai ga waƙarsa a kaina, ba sallama: "Zuciyata kwalbar lemo ce, kin girgiza ta, kar ki buɗe." Wallahi haka baitin yake. Babban mutum mai gashin baki ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa ya rera wannan, ni kuma na kifa kai a filo na yi kuka a kai.

Duk ranar Alhamis ƙarfe huɗu ake shirin gaishe-gaishe. Inna tana kasuwa, Baba yana ƙofar gida. Ina rufe ɗaki, in ja koren labulen nan, sai ɗakin ya koma kamar ƙarƙashin ruwa. In kwanta rub da ciki gaban rediyo, yatsana a kan jan maɓalli, ina roƙon Allah kada mai gabatarwa ya yi surutu a kan farkon waƙar. Kullum sai ya yi. Har yau ina jin ƙanshin ledar tsakar ɗakin in rana ta dake ta.

Na tsaya da faranti a hannu ban san minti nawa ba. Ɗiyata Gimbiya ta shigo da iyafis a kunne tana kaɗa kai, na ce ta cire wannan shirmen ta zo ta ɗauraye. Shekararta sha huɗu. Ta cire, ta dube ni, ta hau ɗauraya.

Talata, 6 ga Mayu

Bayan aiki na koma ɗaurin kaya. Inna tana zaune bakin gado da hoton Baba a cinya, ta kai shi kusa da hanci, ta nisanta shi, ta ajiye. Ta ce hazo kawai take gani. Sai ta ce, ba tare da ta dube mu ba:

"In kun ci karo da kaset ɗin babanku, ku ba ni. Muryarsa ta fara gudu daga kunnena."

Auta tana naɗe kofuna a jarida. Ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ta ce ai Inna ta san wadda ta ɓatar da shi, ga ta nan a gabanta, Ɓata-kaya da kanta.

Shekara biyu Baba ya yi yana aikin inji a jirgin ruwa. Rubutu yana ba shi wahala, sai ya aiko da kaset. Guda ɗaya tak. Mukan zauna a tabarma mu saurara, yana ba mu labarin ruwan da ba ya ƙarewa da mai dafa abincin jirgi da ke tsoron kifi. Can kusa da ƙarshen gefe na biyu sai ya yi gyaran murya ya ce yara su fita, saura na uwarsu. Inna ta danna maɓalli, ta kaɗa mu waje, ta rufe ƙofa. Ba mu taɓa jin abin da ke bayan nan ba.

Ya dawo, ya yi shekara ɗaya da 'yan watanni, Allah ya karɓi abinsa. Bayan an watse daga zaman makoki Inna ta nemi kaset, babu. Auta tana da shekara bakwai, kuma an sha kama ta tana zaro zaren kaset tana yin sarƙa da shi. Ta sha silifa ranar, ta yi rantsuwa har muryarta ta dishe. Sunan ya bi ta. Mijinta ma in makulli ya ɓace Ɓata-kaya yake kira, yana dariya.

Na ce wa Inna za mu duba. Jakar tana rataye a kafaɗata lokacin.

Laraba, 7 ga Mayu

Ban sake buɗe gwangwanin ba. Na mai da shi ƙarƙashin gado, na dawo da shi, na sake mai da shi.

Alhamis, 8 ga Mayu

To, bari in rubuta, tunda ba mai karantawa sai ni.

Ba kuskure ba ne. Na daɗe ina gaya wa kaina wai cikin sauri na ɗauko, kasusuwan duk kama ɗaya. Ƙarya nake. Baba ya ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset don kada a ɗauki wani abu a kansa. Ni na tauna takarda, na dunƙule, na toshe ramukan da tsinke. Wanda ya yi haka ya san abin da yake yi.

Kasusuwana sun cika, an ce za a sa sabuwar waƙar Mai Farin Takalmi, ni kuma na yi lissafi irin na 'yar sha uku: mun ji kaset ɗin nan ya fi sau ɗari, kuma ga Baba can a ƙofar gida yana faɗa da mai gyaran keke. Wa ke buƙatar muryarsa a kaset, muryar da ke hana mu barcin safe? Na manna wa kaset ɗin farar takarda, na rubuta ZAFAFA NA 7, na zana zuciya da kibiya. Mako bayan mako ina ƙara waƙa.

Ranar da ake dukan Auta ina tsaye a bakin ƙofa. Shekara ashirin da tara ke nan.

Kuma ni ce yau nake rubuta wa mutane takardar gargaɗi in sun lanƙwasa kunnen shafi.

Asabar, 10 ga Mayu

An gama kwashe kaya. Ɗakunan sun yi girma, murya tana dawowa. Inda sif ya tsaya fentin ya fi haske. Koren labulen yana nan, ya koɗe ya zama ruwan toka, na ce a bar mini shi. Auta ta ce me zan yi da tsumma, na ce goge-goge.

Na ɗauko rediyon ma. Inna ta ce ya mutu tun tuni.

A mota Auta tana ba ni labarin yadda ta shirya wa Inna ɗaki, ta sa gado kusa da taga, ta sayi kujerar wanka. Sau biyu na buɗe baki. Na farko na ce zafi ake yi, na biyu na ce ta yi a hankali da ramin nan.

Litinin, 12 ga Mayu

Lokacin hutun rana na kai rediyon wurin mai gyara, wani dattijo a lungun bayan tasha, tabaransa ɗaure da waya. Shagon cike da rediyoyin da masu su ba su dawo ba. Ya buɗe bayan, ya ce bel ya narke ya zama kwalta, amma yana da na wani da ya riga nawa mutuwa. Ya goge kan da auduga. Ya karɓi ZAFAFA NA 7, ya duba takardar da ke toshe a ramukan, ya dube ni ta saman tabarau. Ya sa biro a ramin yana juya zaren a hankali, wai ya daɗe a kwance, sai an tashe shi da lallami.

Ya ce in dawo Alhamis. Na ce wace Alhamis kuma, ya ce wadda ke zuwa mana, Hajiya, akwai wata ne?

Talata, 13 ga Mayu

Na yi mafarki ina cikin jirgin ruwa, kowa sanye da farin takalmi, ni kaɗai ce ba takalmi. Ba abin tsoro ba ne. Ruwan kore ne, launin labule.

A wurin aiki na kama hatimina yana bin kiɗan kwalbar lemo. Tim, tim-tim. Littafi tara na buga kafin in farga.

Alhamis, 15 ga Mayu

Ƙarfe huɗu da 'yan mintuna na isa shagon. Ban shirya hakan ba.

Ya danna. Aka yi shuuu, sai ga wata yarinya mai siririyar murya tana magana ta hanci: wai masu sauraro barkanku da war haka, ga taku har kullum, tauraruwar taurari, za ta sa muku waƙar masoyinta. Na manta ina yin haka. Na manta ɗungum. Kunya ta kama ni kamar ƙasa ta tsage in shige. Dattijon ya juya baya yana neman wani abu a kan kanta, amma kafaɗunsa suna rawa.

Sai Mai Farin Takalmi. Kai, mutumin nan bai iya waƙa ba. Ganga kamar ana buga bokiti, shi kuma yana ta nishi a kan lemo. Abin takaicin, bakina ya san kowace kalma, har inda yake jan numfashi.

Waƙar ta ƙare, aka yi ƙas, sai kawai: "...ruwan nan, in gaya muku, ba shi da..." Aka sake ƙas, wata waƙa ta hau.

Baba ne. Na riƙe bakin kanta. Ashe duk inda na tsayar na sake dannawa, zaren yakan ɗan zarce, sai ya bar shi ya leƙo. Dattijon ya ce haka waɗannan injinan suke, ba sa haɗa baki daidai. Ya jawo mini kujera. Muka zauna muna jiran waƙoƙi su ƙare, kamar masu jiran mota. Wani wurin kalma uku, wani wurin tari kawai. Wani wurin rabin dariya. A ɗaya ya ce "...Auta ta daina tsotson..." Na ƙirga, sau goma sha huɗu ya leƙo.

A gefe na biyu, tsakiyar surutuna na tauraruwa, an ji ƙofa, sai wata 'yar murya: "Yaya, me kike yi?" Sai ni: "Fita, dalla, ana ɗauka!"

Bayan waƙa ta huɗu aka yi ƙas, kuma babu wata waƙar. Gyaran murya. "To, yara su fita. Saura na uwarsu."

Hannuna ya kai kan maɓalli kafin in yi tunani. Dattijon ya ce ai da saura, ya kai minti biyar, zaren bai ƙare ba. Na ce na sani, ba nawa ba ne.

Sai a lokacin na tuna. Kafin in ɗauki sabuwa nakan kunna in ji inda na tsaya. Ranar da na ji ya ce yara su fita, na kashe, na cire kaset, ban ƙara sa shi ba. Na cinye masa ruwa da jirgi da mai tsoron kifi ban ji komai ba, amma nan na kasa wucewa.

Juma'a, 16 ga Mayu

Akwai hanya mai sauƙi. In kai kaset ɗin a juye a daidai wurin, in ɓare farar takardar, in ce na tsince shi a kwalin tarkace, zaren ya lalace sai ƙarshen. Inna ta samu minti biyar ɗinta. Auta ta ci gaba da zama Ɓata-kaya, ai ta saba.

Ta saba. Dubi abin da na rubuta.

Na sa farce a gefen takardar, na fasa.

Lahadi, 18 ga Mayu

Na je da hantsi, rediyo a hannu kamar mai tallar sa. Inna tana kan gado kusa da taga, Auta tana shafa mata magani a gwiwa. Na ajiye a kan tebur, na sa a wuta, na zauna a ƙasa. Na faɗa duka, har da taunar takarda. Ban yi wa kaina ado ba, ban kuma ɗaga kai ba.

Auta ta rufe kwalbar maganin a hankali. Ta ce, "Kina tsaye a bakin ƙofa, Yaya. Na tuna. Ina kallon ki ina cewa ki gaya musu ba ni ba ce."

Na ce na sani.

Ta ce ba dukan ne ya dame ta ba. Ta ce daga baya ita kanta ta yarda ita ce, ta dinga ƙoƙarin tuna inda ta jefa shi, har ta taɓa tona ƙasar bayan gidanmu da cokali. Wannan ban sani ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Inna ta laluba ta kamo hannun Auta, ta riƙe, ta roƙi Auta ta yafe mata silifar nan, ita ma ta ɗauki alhaki. Ni ba ta ce mini komai ba. Can ta ce, "Kunna."

Na ce bari in kai ƙarshen. Ta ce a'a, daga farko, tana so ta ji abin da ya fi babanmu daraja.

Haka muka zauna awa ɗaya da wani abu. Tauraruwar taurari ta yi sallama. Kwalbar lemo ta girgiza. Na so in mutu. Duk sanda aka yi ƙas Inna takan ɗaga yatsa, mu yi tsit, Baba ya leƙo ya koma, ta sauke yatsan. Wurin rabin dariyar ta sa na mayar sau uku. Da aka zo "Yaya, me kike yi?" Auta ta rufe baki da tafin hannu, ta juya tana kallon taga.

Sai gyaran murya. Yara su fita.

Inna ta danna da kanta, ba laluben komai, yatsanta ya san wurin. Ta ce, "Ba ku ji ba ne?"

Muka tashi, mace mai arba'in da biyu da mai talatin da shida, muka fita, muka ja ƙofa. Muka zauna a dakalin baranda, tazarar mutum biyu a tsakaninmu. Rana tana kan shanyar Auta, zannuwan suna ɗan motsi. Ba mu yi niyyar saurare ba, ƙofar ce ba ta da kauri.

Da farko magana ƙasa-ƙasa, ba a jin kalmomin. Sai muryar ta canja. Na ɗauka zaren ne ya ja. Ashe waƙa yake yi. Baba. Mutumin da ya ce mawaƙina kamar an taka masa yatsa. Waƙar da ya ƙaga da kansa, ba kai ba gindi, yana bugun wani ƙarfe, muryar tana hawa inda ba za ta iya sauka ba. Abin da na tsinta kawai shi ne wai zuciyarsa injin jirgi ce, ba ta tashi sai da man Inna.

Auta ta dube ni, na dube ta. Ta ce, "Ashe gado kika yi." Ba ta yi murmushi ba, amma ta faɗa.

A ciki Inna tana dariya, irin wadda ban ji ba tun muna yara, daga baya dariyar ta koma wani abu. Muka ji ta mayar, ta sake kunnawa. Ba mu shiga ba sai da ta kira.

Da zan tafi na ce wa Auta ta yafe mini. Ta ce ba yau ba. Ta ce kuma ni zan gaya wa mijinta da bakina, da duk wanda ya taɓa kiran ta da sunan nan, ɗaya bayan ɗaya. Na ce to.

Litinin, 19 ga Mayu

Na kira mutum shida. Mijin Auta ya ce to yanzu wa zai ɗora wa laifin makulli. Gwaggo ta ce dama ita tun asali ba ta yarda da shiru-shiruna ba. Saura huɗu da ban kira ba.

Alhamis, 22 ga Mayu

Auta ta turo saƙo, ba gaisuwa: Inna ta hana a juya kaset ɗin zuwa ƙarshe, kullum daga farko take sa shi, yanzu ga ta can tana shan shayi tana waƙar lemo, ki zo ki ɗauke masoyinki kafin in haukace. Na karanta ya fi sau biyar. Ta rubuta Yaya a ƙarshe.

Labulen ban yi goge-goge da shi ba. Na wanke, na rataya a tagar ɗakina, don dai rana tana damuna da yamma, ba wani abu ba. Hoton kuma yana cikin littafin nan, saboda gwangwanin ya yi tsatsa.

Da na dawo aiki na tarar da Gimbiya kwance rub da ciki a ɗakina, iyafis a kunne, ɗakin ya yi kore-kore. Ta zabura za ta cire. Na ce ta matsa. Na kwanta gefenta da kayan aikina, na ce ta ba ni ɗaya. Ta dube ni kamar na ce ta ba ni ƙoda, sannan ta miƙo.

Wani yaro ne yake ta kuka wai budurwarsa ta bar shi kamar waya ba caji. Shirme ne tsantsa. Na gaya mata haka. Ta ce to in ba ta abinta.

Na ce ta bari ya ƙare tukuna. Da ya ƙare na ce ta mayar, ban ji farkon da kyau ba.